Garejin masu ɗaga a-kori-kura a karkarar Texas: na kai tawa, ga yadda muka kwashe

Sana'ata a nan Texas fataucin raguna da awaki ce. Ina saro su a kasuwar gwanjon dabbobi ta San Angelo, wadda babu kamarta a harkar tumaki da awaki a duk Amurka, wani lokaci kuma a Goldthwaite, in zuba su a wani fili da nake haya kudu da Dallas, wajen Waxahachie. Daga nan 'yan'uwa Musulmi na Dallas da Arlington ke zuwa su zaɓa, mai suna ya ɗauki na suna, mai biki na biki, lokacin layya kuma sai wanda ya gani. Duk jigilar nan a kan mota ɗaya take, a-kori-kura Ford F-250 ƙirar 2015 mai shan dizal, ta hannu na saye ta. Abin da ya kai ni garejin masu ɗaga mota laka ce. Ƙasar yankinmu baƙa ce mai danƙo, in ta sha ruwan bazara sai ta kama taya kamar da gayya, hanyar shiga filin kuma ba kwalta ba tsakuwa. Motocin da suka riga ni wucewa sukan haƙa ramuka biyu su bar tudu a tsakiya, a kan tudun nan cikin motata ke zama, tayoyi na ta juyawa a banza.

Garejin yana wani ƙaramin gari a kan hanyata ta zuwa San Angelo. Rumfar kwano ce babba mai ƙofa huɗu, da ofis ɗan ƙarami a gefe mai warin kofi da roba. A bakin titi sun girke motar talla: Chevrolet fara fat, an ɗaga ta har sai da ƙasan ƙofarta ya kai mini ƙirji, ƙarafan ƙarƙashinta an yi musu jan fenti mai sheƙi, an zagaye cikin tayoyin da ƙananan fitilu masu sauya launi. Ɗan ƙanwata, wanda a nan aka haife shi kuma shi ke taya ni lodi ranar Asabar, yana ganinta ya kama hannuna. “Kawu, don Allah irin wannan za a yi mana. Ko inci 6 ne.” Na ce masa bari mu ji ta bakin mai wurin.

Mai garejin bature ne da ya ba hamsin baya, gajere kakkaura, wuyansa ja jawur saboda rana. Bai fara da nuna mini farashi ba. Tambaya ya jero mini: me nake ja, nauyinsa nawa, a ina tirelar ke kama motar, mil nawa nake yi a kwalta, nawa a laka. Da na ce masa tirelata irin mai dogon wuyan nan ce da ke sauka a tsakiyar bodi, sai ya ajiye biro ya ce to maganar inci 6 ta mutu, sai dai in ina da niyyar sake tirela. A nan na fara yarda da shi, don aikin inci 6 ya ninka wanda ya yi mini kuɗi, kuma da na nace da ya karɓa.

Dalilinsa kuwa a fili yake ga duk mai jan dabbobi. Tirela mai wuya tana bukatar tazarar kamar inci 6 tsakanin ƙasan wuyanta da gefen bodin mota. In ka ɗaga motar, ko dai tazarar ta ragu har wuyan ya murƙushe maka bodi ranar da ka hau gangare, ko ka ƙara wa wuyan tsawo tirela ta ɗaga kai sama, nauyi duka ya koma kan aksul ɗinta na baya. Tayoyin baya su yi zafi su fashe, dabbobi kuma su zame su cunkushe a ƙarshen tirela. Rago ɗaya ya faɗi a irin wannan cunkoso, kafin ka yi mil 200 da wani abu daga San Angelo sauran sun tattake shi.

Sai mai garejin ya durƙusa ya nuna wa ɗan ƙanwata wani abin da yawancin masu sha'awar dogayen motoci ba sa son ji. A motar da ke da aksul na sanda ɗaya irin tawa, abin da ya fi kusa da ƙasa shi ne ƙullun giyar nan da ke tsakiyar aksul. Ka ɗaga bodi da shasi inci 12 in ka ga dama, ƙullun yana nan inda yake. Taya kaɗai ke ɗaga shi, kuma rabin abin da ka ƙara wa tayar yake samu: ka tashi daga taya mai inci 33 zuwa mai 35, inci ɗaya tak ka ƙaru da shi. Amfanin ɗaga mota na gaskiya shi ne a samar wa babbar taya wurin juyawa. Duk tsawon da ya wuce wannan bukata, don ido aka yi shi.

Abin da aka yi mini: an ɗaga gaba inci biyu da rabi ya daidaita da baya, don irin waɗannan motoci daga kamfani gabansu a sunkuye yake saboda in an ɗora kaya baya ya sauko. An sa shokozoba Bilstein guda huɗu, an sauya sandar da ke riƙe aksul na gaba a tsakiya da wadda ake iya ƙara wa tsawo, an gyara kwanciyar aksul ɗin, aka sa tayoyi BFGoodrich masu inci 35 a kan wilin motar na asali mai inci 18, sannan alaimen. Duka-duka na biya dala 3,400 da 'yan kai, kusan rabi kuɗin taya ne. Maganar sandar nan kada wanda zai yi irin aikin ya yi wasa da ita. In aka ɗaga gaba aka bar tsohuwar, aksul yakan karkata gefe guda, kuma motoci masu irin wannan aksul in ƙarafan gabansu suka saki akwai wata jijjiga da sitiyari ke kamawa a kan babbar hanya bayan ka taka rami, wadda ba ta tsayawa sai ka rage gudu sosai. Akwai gareji da yawa da za su cusa maka zoben ƙarfe a kan sifirin su karɓi dala ɗari biyar su sallame ka. Nan ba su yarda su yi rabin aiki ba, kuma bakaniken da ya yi nawa ya sa alamar farin fenti a kan kowane noti da ya ɗaure, ya ce in dawo bayan mil 500 a sake dubawa kyauta. Na koma, an duba, ba a karɓi ko sisi ba.

Ƙorafina uku ne. Sun ce in zo Laraba, mota ba ta fito ba sai Juma'a da yamma, kuma ba wanda ya kira ni. Ni na yi ta bugawa, wata mata a ofis tana ce mini “ana kan aiki”. Na biyu ya fi ba ni haushi: ba su sunkuyar da fitilun gaba ba. Mota in an ɗaga gabanta, fitila sama take kallo, a daren da na taho gida duk wanda muka yi kiciɓis sai ya watsa mini babbar fitila, yana zaton ni na ƙi rage tawa. Aikin minti goma ne da sukundireba, kuma garejin da wannan ce sana'arsa bai kamata a tuna masa ba. Na uku, ba su gaya mini agogon gudu zai fara ƙarya ba sai da na tambaya. Babbar taya tana cin ƙasa fiye da ƙarama a kowane juyi, saboda haka in agogona ya nuna 70, ina kusa da 74. Gyaran wannan a kwamfutar motar kuɗi ne daban, ba ya cikin takardar da suka fara ba ni.

A laka kuwa motar ta canza. Inci ɗayan nan da manyan haƙoran taya sun isa in shiga filina bayan ruwa ba tare da na kira maƙwabcina ya zo da tarakta ba. Farashin da nake biya kullum shi ne mai: galan ɗaya yanzu yana gaza abin da yake kai ni da da kusan mil ɗaya da rabi, kuma in na ɗauko cikakken lodi ina jin motar na ɗan nauyin tashi. Tayoyin suna gurnani a kwalta. Uwargida ta ce ba za ta ƙara hawa da zani ba sai an sa mata matakala, aka sa.

Zaman jiran da na yi a ofishinsu ranar Juma'ar nan shi ya nuna mini cewa kasuwa biyu ake ci a rumfa ɗaya. Akwai masu shigowa da takalmi duk kashin shanu, su tsaya a tsaye, su tambayi sifirin ɗin baya mai ɗaukar nauyi, ko garkuwar ƙarfe ta gaba saboda barewa da aladun daji da ke tsallaka hanya da dare, ko injin jan igiya. Motocinsu tsofaffi ne, da yawa an cire bodin an sa shimfiɗaɗɗen ƙarfe mai hannuwa biyu na ɗaukar dunƙulen ciyawa. Ban ga ko ɗaya a cikinsu da ta wuce tawa tsawo ba. Wani dattijo mai kiwon shanu da muka zauna benci ɗaya ya ce shi buhun abincin dabbobi ne ma'auninsa. Buhu fam 50 ne, kusan kilo 23, yana sauke arba'in a mako, kuma kafaɗarsa ta san bambancin kowane inci da aka ƙara wa bodi.

Sai kuma ɗaya kasuwar, wadda ita ke biyan kuɗin wutar garejin. Samari ne da magidanta daga unguwannin masu hali na arewacin Dallas, irin su Frisco da Plano, inda ko kaza ba a kiwo. Sukan kawo sabuwar mota dal da aka karɓa bashin wata 72 ko 84, a ɗaga ta inci 8 ko 10, a sa mata wili mai inci 24 ko 26 wanda ya fito waje da bodi, a naɗe shi da siririyar taya. Wannan haɗi a laka ba shi da wani amfani. Mai shiga laka ko yashi yana son taya mai kaurin gefe don ya rage mata iska ta baje, siririyar taya kuwa dutse ɗaya ya ishe ta ta lanƙwasa wilin dala dubu. Masu garejin da kansu in sun juya baya “gimbiyar kwalta” suke kiran irin waɗannan motoci, amma suna yi musu aiki tsaf, har da goge ƙarafan ƙasa da tsumma kafin mai ita ya iso. Wani binciken kamfanin Strategic Vision da aka yi ta yaɗawa a 2019 ya nuna kashi 75 cikin ɗari na masu a-kori-kura a Amurka ba sa jan tirela fiye da sau ɗaya a shekara, kusan kashi 70 kuma ba sa sauka daga kwalta fiye da sau ɗaya. Wanda ya zauna a bencin nan na awa uku ba zai yi musu ba.

Ni dai ban iya yi musu dariya da zuciya ɗaya ba. Wanda ya tashi yana kallon hawan daba a Kano ya san akwai dokin da ba a saye shi don ya kai kowa ko'ina ba. Ana ciyar da shi shekara guda, a kashe dukiya a kan sirdi da jalala da dan-kai, don ya fita kwana uku ko huɗu mutane su ce wane ya hau. Su ma suna da nasu hawan: taron nunin motoci na Lone Star Throwdown a garin Conroe cikin watan Fabrairu, da babban baje kolin SEMA a Las Vegas cikin Nuwamba. In mutum ya ce kwalliya yake yi da kuɗinsa, ba ni da ta cewa. Inda nake tsayawa shi ne in ya ce mini wai motar aiki ce, ko wai ita ce shaidar shi ɗan karkara ne na asali.

Don abin da ake sayarwa a kasuwa ta biyun ke nan, sunan rednek, wato mai jan wuya. Da can zagi ne da 'yan birni ke yi wa talakawan turawan Kudu masu noma a rana, yanzu kuwa akwai mai biyan dala dubu goma sha biyar don a kira shi da shi. A kan kantar garejin akwai sitika iri-iri, na bindiga, na barewa, na tutar Texas. Mai wurin ba ya sayar da tutar 'yan tawayen Kudu na zamanin yaƙin basasar Amurka, masu kare bauta, amma na gan ta manne a gilashin motoci biyu a harabar, kuma baƙin mutum mai hula irin tawa ba ya ganin wannan tuta ya ce bai gani ba. Gaskiyar da zan faɗa ita ce ba wanda ya yi mini kallon banza a wurin. Dattijon nan mai shanu ma ya fi kowa sanin lokacin sallar layya, don shi ma yana da tumaki kuma ya san makon da farashi ke tashi a San Angelo. Kuma masu dogayen motoci a Texas ba turawa kaɗai ba ne. Biyu daga bakanikan garejin 'yan asalin Meziko ne, kowanne da tasa doguwar, haka baƙaƙen fata masu hawan dawaki a ƙarshen mako wajen Houston. Mutanen da suka fi cancantar sunan, waɗanda rana ta gasa wa wuya da gaske, su ne na ga sun fi kowa rowar inci.

Asalin abin daga aiki ya fito. Dodge Power Wagon ta fito kasuwa a 1946 daga motocin sojan yaƙin duniya na biyu, don manoma da masu aikin daji. Ford F-250 mai fowil ta shekarun 1967 zuwa 1977 a ɗage take fitowa daga kamfani. Bob Chandler na St. Louis ya ɗauki irinta ya yi ta ƙara mata taya tun tsakiyar shekarun 1970 har ta zama Bigfoot, wadda aka ɗauka a bidiyo tana tattake motoci a 1981, daga nan tsawo ya zama abin kallo da kansa. Mai karatu a gida zai ce ina Hilux a duk wannan labari? Ba a sayar da ita a nan. Tun 1964, zamanin Shugaba Lyndon Johnson, akwai harajin kashi 25 cikin ɗari a kan a-kori-kurar da aka ƙera a waje, sakamakon rigimar cinikin kaji da Turai, kuma Toyota ta maye gurbinta da Tacoma a 1995. Kamfanonin gida sun samu fili, motocin suka yi ta ƙiba.

Dole in ba dogayen motocin haƙƙinsu a wuri ɗaya. Lokacin ambaliyar guguwar Harvey a watan Agustan 2017, da titunan Houston suka koma koguna, irin waɗannan motoci da ake wa dariya su suka riƙa shiga unguwanni suna kwaso tsofaffi da yara, har aka ga wata ta jawo motar soja da ta maƙale. Duk mai doguwar mota a Texas ya haddace wannan labari, mai garejin ma ya ba ni shi. Na yarda. Sai dai mota tana fita kullum, ambaliya irin Harvey kuwa ba kullum take zuwa ba, kuma a sauran ranakun yaro ne ke tsallaka titi a gabanta. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora ta fitar da bincike a 2023 cewa motar da tsawon gabanta daga ƙasa ya haura inci 40 ta fi wadda bai wuce inci 30 ba kuma ya gangaro yiwuwar kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin ɗari. Wannan a motocin da ba a taɓa ba ke nan. Na sa ɗan ƙanwata ya hau motar tallar nan, na tsayar da ƙaninsa ɗan shekara bakwai a gabanta, na ce ya gaya mini in ya hango shi. Sai da yaron ya ja da baya taku da yawa kafin kansa ya bayyana. Bai sake ce mini inci 6 ba a ranar, ko da yake hoton motar na nan a fuskar wayarsa.

Akwai aiki ɗaya da garejin ya ce ba ya yi ko nawa za a biya: ɗaga gaba sama a bar baya a ƙasa, wani yayi da ya fito daga jihohin Carolina, inda direba ke kallon sama maimakon hanya. North Carolina ta haramta shi a Disambar 2021, Virginia ta bi a 2022 bayan wani mummunan haɗari da ya ci rai, South Carolina a 2023. Haka kuma ba sa cire na'urar tace hayaƙin dizal don mota ta riƙa turnuƙe mutane da baƙin hayaƙi, abin da dokar tarayya ta hana. A Texas dokar da ta fi shafar tsawo ita ce ta fitilar gaba, kada ta wuce inci 54 daga ƙasa, kuma tun Janairun 2025 an daina binciken lafiyar motocin da ba na haya ba a kowace shekara. Ma'ana, yanzu ba wani jami'i da zai leƙa ƙarƙashin motarka ya ga ko an ɗaure noti. Daga kai sai bakanikenka, shi ya sa alamar farin fentin nan ta fi mini motar tallarsu daraja.

In kana jan tirela, ko kana da gona, ko aikinka na kai ka hanyoyin rijiyoyin mai, zan tura ka wurinsu, amma ka sa a rubuta maka gyaran fitila da na agogon gudu a takarda tun kafin ka miƙa makulli, ka kuma ƙara kwana biyu a kan duk ranar da suka yanka maka. Ka tambayi kamfanin inshorarka kafin a taɓa motar, in kuma sabuwa ce mai garanti ka san dila na iya ƙin gyara duk abin da ya nuna ɗagawar ce ta lalata. Kada ka je a watan Oktoba, mafarauta sun cika wurin saboda farautar barewa da ake buɗewa farkon Nuwamba. Fabrairu da Maris kuma na samari ne, lokacin da gwamnati ke mayar wa mutane rarar haraji. Ranar Asabar ƙarfe goma sha biyu suke rufewa.